Sulhu Cikin Mutunci: Abin da ke Zuciyar Shugaba Nixon a Daren 23 ga Janairu, 1973

Gabatarwa

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Masu nazarin tarihi kuwa ba su cika samun ko fuskar ba, balle zuciyar. Abin da yakan iso gare su shi ne jawabin da shugaba ya karanta a bainar jama'a, da takardar da ya sa wa hannu, da labarin da ya ga damar bayarwa bayan ya sauka daga mulki. Richard Nixon, shugaban Amurka na 37, ya fita daban a wannan fanni. Daga Fabrairun 1971 zuwa Yulin 1973 akwai na'urorin ɗaukar magana a ɓoye a ofisoshinsa da wayoyinsa, waɗanda da zarar an buɗe baki sai su kama aiki da kansu, har suka tara magana ta kimanin awa 3,700. Shi kansa kuma yakan zauna da dare ya faɗi abin da ke ransa cikin rikoda, daga baya ya tsakuro daga ciki ya zuba a littafin tarihin rayuwarsa wanda ya fito a 1978. Babban hadiminsa, H. R. Haldeman, shi ma ba ya kwanciya sai ya ajiye labarin wunin, aka kuma buga nasa kundin a 1994, bayan mutuwarsa.

Duk da haka ana bukatar hattara. Abin da ya shiga littafin Nixon shi ne abin da Nixon ya zaɓa, mutum kuwa ba ya zaɓen abin da zai kunyata shi. Maganar cikin kaset ba a tace ta ba, amma magana ce ta mutumin da yakan faɗi abu don ya gwada abokin hirarsa, ko don ya huce haushi, gobe kuma ya faɗi kishiyarsa. Sai an jera su an auna sa'an nan ake hango inda zuciyar ta karkata.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba kwanakin da suka kai ga daren Talata, 23 ga Janairu, 1973, lokacin da Nixon ya sanar da jama'arsa cewa an daddale yarjejeniyar kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam. Ya laƙaba wa abin da aka samu wani take wanda za a iya fassarawa da "sulhu cikin mutunci". Abin tambaya shi ne wane irin mutunci yake nufi, kuma me ya sani a ransa sa'ad da yake faɗin haka.

Yadda aka kai ga yarjejeniya

Bayan da Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954, taron Janiba ya raba Biyetnam gida biyu: Arewa a hannun 'yan kwaminis ƙarƙashin Ho Chi Minh, hedkwatarsu Hanoi, Kudu kuwa mai hedkwata a Saigon ta jingina da Amurka. Shugaba Lyndon Johnson ne ya tura mayaƙa da yawa tun daga 1965, yaƙin kuma ya cinye mulkinsa, har ya fasa neman zaɓe a 1968. Da Nixon ya karɓi ragama a Janairun 1969, sojojin Amurka a can sun haura rabin miliyan. A watan Afrilu na wannan shekara suka kai ƙololuwa, watau kimanin 543,000. A jawabinsa na kama mulki ya ce babu girman da tarihi zai ba mutum wanda ya wuce a kira shi mai sasantawa. Mahaifiyarsa 'yar ɗariƙar Kweka ce, Kiristocin nan da suka ƙi jinin yaƙi, kuma wannan magana tasa ita ce aka rubuta a kan kabarinsa. Amma shekara huɗu ya yi yana janye soja da hannun dama, yana faɗaɗa yaƙin da hannun hagu, zuwa Kambodiya a 1970 da Lawos a 1971. Amurkawa fiye da 20,000 suka ƙara mutuwa a zamaninsa, mutanen yankin kuwa ninkin-ba-ninkin haka.

Tun daga Fabrairun 1970 mai ba shi shawara kan tsaro, Henry Kissinger, yake ganawa a asirce da Le Duc Tho na Arewa a kewayen Faris, babban birnin Faransa. Ƙulli biyu suka hana ruwa gudu. Amurka ta ce in za ta janye, sojojin Arewa da ke cikin Kudu su ma su janye. Hanoi ta ce babu sulhu sai an tuɓe Shugaba Nguyen Van Thieu na Kudu. Amurka ce ta fara sassautawa, ta bar maganar janyewar Arewa. Ranar 8 ga Oktoba, 1972, Le Duc Tho shi ma ya bar maganar tuɓe Thieu. Cinikin ke nan a taƙaice: Thieu ya zauna kan kujerarsa, sojojin Arewa su zauna inda suke, Amurka ta kwashe nata ta karɓi fursunoninta. Lissafin Amurka ya ce sojojin Arewa da za a bari a Kudu sun kai wajen 150,000. Thieu ya ce sun ninka haka.

Thieu ya ƙi, ya kawo gyare-gyare har 69. Kissinger ya riga ya gaya wa manema labarai ranar 26 ga Oktoba cewa sulhu ya zo hannu. Nixon ya lashe zaɓen 7 ga Nuwamba da jihohi 49 cikin 50. Amma tattaunawar ta watse a tsakiyar Disamba. Daga 18 zuwa 29 ga Disamba, in ban da ranar Kirsimeti, manyan jiragen yaƙi samfurin B-52 suka yi ta luguden wuta a kan Hanoi da Haiphong. An zuba bama-bamai fiye da tan 20,000, aka kashe fararen hula kimanin 1,600 bisa ƙidayar Arewa, bam ya faɗa har kan asibitin Bach Mai. Amurka ta amsa cewa ta yi asarar B-52 guda 15. Duniya ta yi caa, Nixon kuwa bai fito ya ce uffan ba. Da aka koma tebur, ranar 9 ga Janairu, 1973, ranar da ya cika shekara 60, Kissinger ya aiko masa da saƙo a rubuce daga Faris cewa an warware ƙullin. Nixon ya mayar da amsa cewa in abin ya tabbata, bai taɓa samun kyautar ranar haihuwa irin wannan ba.

Sai dai duk wanda ya ɗora takardar Janairu a kan ta Oktoba zai ga bambancinsu bai taka kara ya karya ba. An ruwaito John Negroponte, ɗaya daga cikin mataimakan Kissinger, yana cewa sun yi wa Arewa ruwan bama-bamai har ta yarda da sassaucin da su da kansu suka yi mata. Akwai gaskiya cikin ba'ar. Rabin saƙon bama-baman Disamba na Hanoi ne, ɗaya rabin kuwa na Thieu ne: a nuna masa abin da Amurka za ta iya yi dominsa in ya sa hannu.

Wasiƙun da ba a nuna wa kowa ba

A nan ne zuciyar al'amarin take. Nixon ya san takardar da Kissinger ya ɗauko ba ta da haƙora. Ta tanadi tsagaita wuta kowa a inda yake, da wata majalisar sasantawa mai ɓangare uku da za ta shirya zaɓe, da kwamitin sa-ido na ƙasashe huɗu, watau Kanada da Folan da Hangare da Indunusiya. Amma majalisar da kwamitin duka ba sa zartar da kome sai bakin kowa ya zo ɗaya, wanda ke nufin ba za su zartar da kome ba. Abin da zai riƙe yarjejeniyar ba ya cikin takardar. Yana cikin wasiƙun da Nixon ya riƙa aika wa Thieu a asirce.

Ranar 14 ga Nuwamba, 1972, ya rubuta masa cewa yana ba shi cikakken tabbaci, in Hanoi ta saɓa yarjejeniya, zai mayar da martani mai tsanani ba tare da jinkiri ba. Ranar 5 ga Janairu, 1973, ya maimaita: in Arewa ta karya alkawari, Amurka za ta amsa da dukkan ƙarfinta. Zuma ke nan. Maɗacin kuwa Janar Alexander Haig ne ya kai shi Saigon a tsakiyar watan: wasiƙar ta ce Amurka za ta sa hannu ranar 27 ga wata ko da ita kaɗai ce, in kuwa haka ta faru Nixon zai fito ya gaya wa duniya cewa gwamnatin Thieu ce ke tare hanyar zaman lafiya, kuma taimakon kuɗi da na makamai zai yanke nan take.

A lura da abin da ke cikin wannan. Ranar 2 ga Janairu 'yan jam'iyyar Dimokurat na Majalisar Wakilai sun ƙada ƙuri'a a taronsu, 154 da 75, cewa a yanke kuɗin yaƙin da zarar an kwaso soja da fursunoni. Kwana biyu bayan haka takwarorinsu na Majalisar Dattawa suka bi sahu, 36 da 12. Su ne kuwa masu rinjaye a majalisun biyu. Nixon ya ɗauki wannan fushi na majalisa ya mai da shi bulalar da yake tsorata Thieu da ita, alhali a cikin watan nan guda yana yi masa alkawarin komawa yaƙi, abin da majalisar nan ba a shawarce ta a kansa ba, ba a ma gaya mata ba, kuma ya fi kowa sanin ba za ta so shi ba. Kyauta ya yi da abin da ba shi kaɗai ke da shi ba. Dogararsa ita ce ƙuri'un Nuwamba da kwarjinin da suka ba shi: yana ganin shugaban da ya ci jihohi 49 zai iya tayar da jirage ya bar majalisa tana surutu, kamar yadda ya yi a Disamba lokacin tana hutu.

Yadda ransa ya ƙuntata da Thieu ya fito fili a wata hira ta wayar tarho da ya yi da Kissinger ranar 20 ga Janairu, ranar da aka rantsar da shi karo na biyu. Kaset ɗin, wanda aka saki a 2009, ya ɗauko shi yana cewa zai yi kome don Thieu ya miƙa wuya, ko da ta kama a fille masa kai. Mai yiwuwa yanke taimako yake nufi, domin haka bakinsa yake in ya fusata. Amma Thieu ba ya bukatar a fassara masa irin wannan harshe: yana kanar a 1963 sa'ad da sojoji, da sanin Amurka, suka hamɓarar da Shugaba Ngo Dinh Diem suka kashe shi, kuma rundunarsa na cikin waɗanda suka yi aikin. Ranar 21 ga Janairu ya aiko da amincewarsa.

Mutuwar Johnson

Washegari, Litinin 22 ga wata, ciwon zuciya ya kashe Lyndon Johnson a gonarsa ta Texas yana da shekara 64. Tutoci ma ba a riga an ɗaga su ba tun mutuwar Harry Truman ranar 26 ga Disamba. Watau a daren da Nixon zai yi sanarwarsa babu sauran wani mai rai a duniya da ya taɓa zama kan wannan kujera sai shi.

Tsakaninsa da Johnson akwai tsohon zance. A ƙarshen Oktoban 1968, ana saura kwanaki a yi zaɓe, Johnson ya dakatar da jefa bama-bamai a Arewa domin a zauna teburin sulhu a Faris, abin da zai taimaki ɗan takarar jam'iyyarsa, Hubert Humphrey. Wata mai goyon bayan Nixon, Anna Chennault, ta riƙa isar da saƙo ga ofishin jakadancin Kudu cewa su dake, za su fi samun biyan bukata in Nixon ya ci. Thieu ya ƙi zuwa Faris. Johnson, wanda jami'an tsaro ke saurara masa wayoyin ofishin jakadancin, ya gaya wa Sanata Everett Dirksen cewa wannan cin amanar ƙasa ne, amma bai fallasa ba. Nixon ya musanta har ƙarshen ransa, sai dai wasu takardu da Haldeman ya rubuta da hannunsa, waɗanda marubuci John Farrell ya fito da su cikin littafinsa na 2017, sun nuna Nixon ya umarce shi ya nemi hanyar dagula shirin. Masana sun saɓa a kan ko Thieu yana bukatar zuga kafin ya ƙi, domin yana da nasa dalilan. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne juyin da zamani ya yi: wanda mutanensa suka ce wa Thieu ya dake a 1968 shi ne mai barazanar yanke masa abinci a 1973 don ya dake.

Zancen bai kwanta ba har makonnin ƙarshe na rayuwar Johnson. A farkon Janairun nan aka fara shari'ar mutanen da aka kama sun fasa ofishin jam'iyyar Dimokurat a ginin Watergate. Kundin Haldeman ya nuna an yi tunanin matsa wa Johnson ya sa 'yan jam'iyyarsa su bar binciken, in ba haka ba a tona cewa shi ma ya sa an yi wa Nixon leƙen asiri a 1968. Johnson ya harzuƙa, ya aiko cewa in wasan da za a yi ke nan, shi ma zai saki abin da ke hannunsa. Hukuma ta goge abin da ya ambata daga kundin da aka buga, da sunan tsaron ƙasa, amma ba wuya a gane inda ya nufa. Kowa ya mayar da wuƙarsa kube. Bayan kwanaki kaɗan Johnson ya mutu.

Ba daidai ba ne a ce saboda haka baƙin cikin Nixon na ƙarya ne. Ya ga yadda yaƙin ya karya Johnson, ya ga masu zanga-zanga sun kira shi mai kashe yara, kuma tun hawansa mulki tsoronsa shi ne kada ya ƙare kamar yadda Johnson ya ƙare. Johnson ne kaɗai ya san nauyin kayan, shi ne kuma kaɗai ya san yadda aka yi kayan ya koma kan Nixon.

Daren Talata

Da tsakar ranar 23 ga Janairu, a Faris, Kissinger da Le Duc Tho suka sa haruffan farko na sunayensu a kan takardun, alamar an gama, saura sa hannu na hukuma. Kissinger ya hau jirgi ya nufi Washinton. Da dare Nixon ya gana da ministocinsa da shugabannin majalisa, sa'an nan ƙarfe 10 ya zauna gaban na'urar talabijin a ofishinsa. Teburin da ya zauna a kai ma abin lura ne. Ya zaɓe shi ne da zaton na Woodrow Wilson ne, shugaban da ya tafi Faris a 1919 ya ƙullo sulhun da Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi, kuma Nixon yana girmama shi ƙwarai. Daga baya ta bayyana teburin ba shi da alaƙa da wannan Wilson. A jikin teburin nan aka binne makirufo biyar na na'urar da za ta kai shi ƙasa.

Jawabin bai wuce kimanin minti goma ba. Ya ce za a sa hannu ranar Asabar 27 ga wata, wuta ta tsagaita da ƙarfe 12 na daren ranar agogon GMT. Cikin kwana 60 za a kwashe duk sojojin Amurka, a sako duk fursunoninta. Mutanen Kudu su ne za su zaɓi makomarsu ba tare da katsalandan ba. Amurka za ta ci gaba da ɗaukar gwamnatin Saigon a matsayin halattacciyar gwamnati guda ta Kudu. Ya ce yarjejeniyar ta sami cikakken goyon bayan Shugaba Thieu. Ya nemi jama'a su yi alfahari da samari miliyan biyu da rabi da suka yi aikin soja a Biyetnam, su kuma yi alfahari cewa Amurka ba ta karɓi sulhun da zai ci amanar abokanta ba, ko wanda zai ƙare yaƙi a gare ta ya bar shi yana ci a kan mutum miliyan 50 na yankin. A ƙarshe ya ambaci Johnson, ya ce ya sha zagi daga masu kiransa mutumin yaƙi, alhali babu wanda zai fi shi murna da wannan sulhu.

Abin da jawabin ya tsallake ya fi abin da ya faɗa nauyi. Bai ambaci sojojin Arewa da aka bari a Kudu ba. Bai kira bama-baman Disamba da sunansu ba, illa ya ce shirun da ya yi a makonnin baya don kada ya ɓata tattaunawa ne. Bai faɗi yadda aka samo "cikakken goyon bayan" Thieu ba. Uwa uba, bai gaya wa Amurkawa cewa ya ɗaure su da alkawarin komawa yaƙi ba. Iyakar abin da ya ce shi ne Amurka za ta cika nata, tana kuma sa ran sauran za su cika nasu.

Ko a wannan mako akwai wani ƙaramin abu da ke cin ransa, wanda kundin Haldeman ya cika da shi: wa za a yaba wa? Mujallar Time ta haɗa shi da Kissinger a matsayin gwarazan shekarar 1972, abin bai yi masa daɗi ba. Kissinger ya yi hira da 'yar jaridar Italiya Oriana Fallaci ya kwatanta kansa da makiyayin nan na fina-finan kaboyi mai shiga gari shi kaɗai a kan doki. Nixon ya yi ta nanata wa hadimansa cewa a fahimtar da jama'a ƙarfin halin shugaba ne, musamman a Disamba, ya kawo sulhu. Tsoronsa bai tashi a banza ba: a Oktoban 1973 Kissinger da Le Duc Tho aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya. Le Duc Tho ya ƙi karɓa, ya ce ai ba a sami zaman lafiyar ba tukuna.

Bayan jawabin, in ji shi a littafinsa, ya ga iyalinsa, sa'an nan ya shige ƙaramin ɗakin nan mai sunan Lincoln, ya ce kada a haɗa shi da kowa a waya. Ya ci ɗan abinci shi kaɗai, ya sa faya-fayan garmaho, ya zauna yana kallon wutar murhu. Kafin ya kwanta ya rubuta wa matar Johnson 'yar gajeruwar wasiƙa, yana cewa ya so a ce mijinta ya rayu ya ji sanarwar. Ya kuma bayyana cewa ya daɗe yana zaton ranar da yaƙin ya ƙare zai ji an sauke masa dutse, amma sai ya tarar da abu uku sun gauraya da sauƙin: baƙin ciki saboda Johnson, da fargaba domin ya san yarjejeniyar ba ta da ƙwari kuma bai yarda da niyyar Hanoi ba, da gaggawar komawa kan ayyukan da yaƙi ya sa aka jingine. A titunan Amurka ma babu irin shagalin da aka yi a 1945.

Fita kunya ko rufin asiri?

Kalmar "mutunci" tana ɗauke da abu biyu a nan, Hausa kuma tana da sunan kowanne. Akwai fita kunya, watau mutum ya sauke nauyin da ke kansa na wanda ya dogara da shi. Akwai kuma rufin asiri, watau a fita daga matsala ba tare da idon duniya ya ga tsiraicin mutum ba. A gaban talabijin Nixon fita kunya ya yi wa jama'a tallarta. A cikin ɗaki kuwa an ji wata magana dabam.

Ranar 3 ga Agusta, 1972, na'ura ta ɗauko shi yana gaya wa Kissinger cewa mai yiwuwa Kudu ba za ta taɓa iya tsayawa da ƙafarta ba ko me aka yi. Kissinger ya amsa cewa in Arewa ta haɗiye Kudu bayan shekara ɗaya ko biyu, martabar Amurka ba za ta zube ba muddin abin ya yi kama da sakacin mutanen Kudu ne. Abin nema shi ne dabarar da za ta riƙe al'amarin shekara ɗaya ko biyu, bayan nan babu wanda zai damu. John Ehrlichman, wani babban hadimin Nixon, ya ruwaito cewa a makon sanarwar ya tambayi Kissinger tsawon lokacin da Kudu za ta iya kaiwa, ya ce masa in sun yi sa'a shekara ɗaya da rabi.

Masana sun kasu a kan wannan. Jeffrey Kimball da waɗanda suka bi ra'ayinsa suna ganin tazara kawai aka saya, tsakanin fitar Amurka da faɗuwar Saigon, don kada a ɗora wa Nixon laifi. Larry Berman yana ganin Nixon ya san za a karya yarjejeniyar, kuma niyyarsa ita ce ya riƙa amfani da karyawar yana tayar da jirage har ƙarshen wa'adinsa, watau yaƙi ne marar ƙarewa aka sa wa rigar sulhu. Nixon da Kissinger kuwa sun tafi a kan cewa sulhun mai ɗorewa ne, majalisa da rikicin Watergate ne suka ɗaure musu hannu. Kowane ɓangare yana da kaset ko takardar da zai nuna, dalili kuwa shi ne Nixon ya faɗi dukkan maganganun uku a lokuta dabam-dabam.

Abin da ya fi kusa da hujjojin shi ne bai zaɓi ɗaya ba. Yana so Kudu ta rayu: makaman da aka yi ta jibga mata a ƙarshen 1972, har rundunar samanta ta zama ta huɗu a girma a duniya, ba aikin wanda ya gama yanke ƙauna ba ne, kuma mutumin da ya yi abin da ya yi a Disamba ba za a ce ba zai iya maimaitawa ba. Amma ya tsara al'amarin yadda in fita kunyar ta gagara, rufin asirin ba zai kuɓuce ba. Laifinsa mafi girma yana wurin da ya ɗora rayuwar ƙasa guda a kan alkawarin sirri, alkawarin kuma a kan ƙarfin mutum ɗaya, alhali a watan nan ana shari'ar da za ta cinye ƙarfin. Thieu ya sa hannu ne a kan maganar Nixon. Amurkawa sun yi na'am ne a kan zaton sun fita ke nan. Ɗaya daga cikinsu tilas a yaudare shi, kuma fargabar da Nixon ya ce ya ji a gaban murhu ta nuna bai jahilci haka ba.

Abin da ya biyo baya

An sa hannu a Faris ranar 27 ga Janairu, a zama biyu, domin wakilan Saigon sun ƙi sunansu ya hau shafi ɗaya da na gwamnatin 'yan tawayen Kudu. Awa 11 kafin wuta ta tsagaita harsashin igwa ya kashe Laftanar-Kanar William Nolde a An Loc, shi ne aka lissafa Ba'amurke na ƙarshe da ya mutu a fagen fama kafin sulhu. Fursunoni 591 suka koma gida, sojojin ƙarshe suka tashi ranar 29 ga Maris. Ga mutanen Biyetnam kuwa wutar ba ta tsagaita ba ko na wuni guda; ɓangarorin biyu duka sun yi ta ƙwacen ƙasa, sojojin Kudu fiye da 25,000 suka mutu a 1973 kaɗai.

Kwana uku bayan sa hannu kotu ta sami biyu daga mutanen Watergate da laifi. Ranar 7 ga Fabrairu Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin bincike, 77 ba hamayya. A farkon Afrilu Nixon ya karɓi Thieu a gidansa na San Clemente ya sake ba shi tabbaci, amma kafin watan ya ƙare Haldeman da Ehrlichman sun ajiye aiki. Majalisa ta haramta duk wani farmakin soja a yankin daga 15 ga Agusta, 1973. Nixon ya sauka ranar 9 ga Agusta, 1974. Da Arewa ta kama lardin Phuoc Long a Janairun 1975 ta zuba ido ta ga ko jiragen B-52 za su zo, ba su zo ba. Thieu ya yi murabus ranar 21 ga Afrilu, yana zargin Amurka da saɓa alkawari.

Ranar 30 ga Afrilu, 1975, tankokin Arewa suka kutsa fadar shugaban ƙasa a Saigon, shekara biyu da wata uku bayan sa hannu, watau wata tara fiye da abin da aka ce Kissinger ya ƙiyasta. A ranar nan a Washinton wani tsohon ministan Thieu, Nguyen Tien Hung, ya tara manema labarai ya fito da wasiƙun 14 ga Nuwamba da 5 ga Janairu. Ran nan ne Amurkawa suka fara karanta da idonsu abin da aka yi alkawari da sunansu.